Layin da Ya Jira Sunan Baba

Daga Allah muke, kuma gare shi kowannenmu zai koma. Baba ya riga mu tafiya wata Talata da hantsi, bayan ya sha kokonsa ya ce a buɗe masa taga. Surukina ne, mahaifin maigidana, saboda haka kada wani ya sa ran jin sunansa daga gare ni. A gidansa na Dutse Alhaji na yi zaman aure, shi ya yi wa 'ya'yana huɗuba, kuma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na ga yadda Abuja take manta mutum tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Kafin azahar layinmu ya cika maƙil. 'Yan acaɓa suka jera baburansu a bakin kwata suka zauna jugum, ranar ko fasinja ɗaya ba su ɗauka ba. Masu shaguna suka ja ƙofofi. Matan coci suka shigo a jere da zannuwansu iri ɗaya, ɗauke da ruwan leda da kulolin abinci, suka wuce ɗakin Inna, uwar maigidana, suna kuka kamar ubansu ne ya faɗi. Wasu tsofaffin Gwari 'yan asalin wurin suka zo da sandunansu, aka shimfiɗa musu tabarma suka ƙi hawa, suka ce a gaban wannan mutum ƙasa ta ishe su. Limaminmu, wanda ya sallaci gawa ba adadi idonsa a bushe, an ce sai da ya zubar da hawaye a tsakiyar kabbara. Ni kam ban taɓa ganin mutuwar da ta tara irin waɗannan mutane wuri ɗaya ba, har tsoro ya kama ni.

Ina tsakar gida ina rabon tabarmi wayata ta yi ƙara. Wani tsohon abokin aikin Baba ne, sun taso daga Garki.

Ya ce, "Hajiya, tun ɗazu muke kewaya unguwar nan. Kowane layi muka leƙa da allonsa. Wanne ne naku?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, namu ba shi da suna. Ku tsayar da kowa ku ce gidan Ciyaman."

Ya ce, "Mutumin da ya raɗa wa unguwa guda suna, nasa layin ba suna?"

Na ce, "Shi fa. Wanzami ba ya son jarfa."

Ranar sadakar uku, sakataren kwamitin sunayen layuka ya miƙe a cikin maza. Kirista ne ɗan Filato, malamin firamare mai ritaya, ya yi shekaru yana bin bayan Baba gida gida. Ya cire hularsa ya ce, "Jama'a, layin nan ya daɗe yana jira. Yanzu Baba ba shi da bakin hana mu. Sunansa za mu sa." Aka ɗauka baki ɗaya, "Ƙwarai kuwa!" Ina bayan ƙofa ina ji, gabana ya faɗi. Na san dokar da Baba ya kafa da kansa: ba a kafa allo a layi sai babbar macen kowane gida ta faɗi sunan da bakinta, kwamiti na tsaye yana ji. Babbar macen gidanmu kuwa Inna ce, wadda tun da aka kawo ta gidan Baba ba ta taɓa kama sunansa ba. In ta yi shiru, babu allo.

Bari in koma baya, don wanda bai san shi ba.

Baba safiyo ne. Yana cikin waɗanda suka zo Abuja tun tana daji, da takalmin roba da abin awo a kafaɗa, suka yi ta kafa turaku inda yau manyan tituna suke. Ya zauna a gidan gwamnati a Garki har ya yi ritaya. Yakan yi dariyar manyan unguwannin cikin gari, ya ce an sa wa titunansu sunayen koguna da biranen da mazauna titin ba su taɓa gani ba, ɗan tasi sai ya murɗe harshe kafin ya kai mutum gida. Da ya ajiye aiki, farar hula sun dawo mulki, kuɗi na yawo a gari, ana rusau a ciki mutane na kwararowa gefe. Ya dawo filinsa na Dutse Alhaji ya yi gini. Unguwar tana kumbura kamar ƙullun fanke, gida a jikin gida, lungu a cikin lungu. In za ka yi wa baƙo kwatance sai ka ce, ka wuce transfoma, ka sha kwana wurin mai faci, ka nemi baƙin get. Baƙin get kuwa kusan kowa shi gare shi.

Wata rana da tsakar rana gobara ta tashi a gidan wani tela. Aka kira masu kashe gobara, suka taso da gaggawa, aka ce musu bayan transfoma. Transfoma kuwa ba ɗaya ba ce a Dutse. Muna jin jiniyarsu tana kewaye mu, ta matso, ta yi nisa, ta sake matsowa, mu kuma muna ta jifan wuta da bokiti, har rufin ya rufta. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma tela ya fito daga shi sai rigar jikinsa. Baba ya dawo gida da toka a gemu, na kai masa tuwo ya ture. Ya ce, "Akuya ma in ta ɓata ana cewa mai jan kunne. Mu mutane ne, gidajenmu ba a san yadda za a kira su ba." Ba a daɗe ba ƙaramar hukuma ta ce kowace unguwa ta kafa kwamiti ta kawo sunayen layukanta. Ba a ma yi zaɓe ba, kowa ya juya ya dubi Baba. Tun daga ranar sunansa a unguwa ya koma Ciyaman.

Hukuma tana da nata ƙa'idojin, amma na Baba sun fi su tsauri, kuma nasa ake tsoro. Ta farko, ba a sa sunan mai rai. In an matsa masa sai ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, mai rai kuwa bai gama nuna halinsa ba. Akwai wani ɗan siyasa da ya zo gidanmu ana jibi Babbar Sallah, da ƙaton rago a bayan mota, yana so a sa wa layin gidansa sunansa. Baba ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya sa na kawo lemo, ya saurare shi tsaf. Da ya gama Baba ya ce, "Allah ya ja zamaninka. Ka ga ni kullum tsawon rai nake roƙa maka, kai kuma kana neman abin da sai an mutu ake bayarwa. To wanne zan roƙa maka yanzu?" Mutumin ya haɗiye lemonsa da ƙyar. Ragon ma a motar ya koma, ni kuwa na bi shi da kallo har ya sha kwana, don wallahi ragon ya isa rago.

Kafin a raɗa wa kowane layi suna, sai Baba ya sayi goro ya tafi wurin tsofaffin Gwari, ya durƙusa, da girmansa da furfurarsa, ya tambaye su me ake kiran wurin kafin mu zo. In akwai suna, shi ke gaba da kowane. Shi ya sa muke da Layin Tsamiya, ko da yake tsamiyar an sare ta tun kafin in yi aure. Akwai wani layi da sunansa da yarensu ne, Baba ya yi ta maimaita shi a tsakar gida kamar mai haddar allo, jikoki na yi masa dariya, har harshensa ya iya. Ya ce wanda ya tarar da mutane a wuri, ya zauna a gonarsu, mafi ƙanƙantar ladabi shi ne kada ya goge musu suna.

Sai dokar mata, wadda ta fi jawo masa surutu. Maza suka ce ai mai gida ya isa ya amsa wa gidansa. Baba ya ce, "Ku da kuke fita da asuba ku tafi cikin gari, sai dare ya dawo da ku? Mace ce ke aiken yaro, ita ke yi wa baƙo kwatance, ita ke kiran mota in ciwo ya tashi. Sunan da bai zauna a bakin mata ba, allonsa ƙarfe ne kawai." Haka zai ɗauki sandarsa, sakatare na biye, ya tsaya a ƙofar kowane gida ya yi sallama, ya ce, "Uwar gida, ga sunan da ake so. Faɗa in ji." In ta faɗa sumul, ya sa albarka ya wuce. In ta yi dariya ko ta yi tuntuɓe, sai ya nemi kujera ya zauna, ya ce ruwa ba ya tsami banza, a gaya masa dalili. Bayarabiya, Inyamura, Bagwariya, Bahaushiya, duk sai ya ji daga bakinsu. Layi ɗaya yakan ci masa makonni, bai taɓa gajiya ba.

Kuma bai bar allunan nan sun zama marayu ba. Kullum bayan sallar asuba yakan zaga da tsumma a aljihu, yana goge su ɗaya bayan ɗaya. Lokacin zaɓe in ya tarar an manna hoton ɗan takara a kan allo, ya dinga ɓamɓara da farce ke nan yana faɗa shi kaɗai. Inna takan ce, "Malam ya tafi gaida 'ya'yansa."

Rigimar da ba a mantawa ita ce tasa da wani darakta a wata ma'aikata. Mutumin kirki ne, ba zan ci namansa ba. Shi ya zuba wa layinsu kwalta daga aljihunsa, ya nemi a sa sunan mahaifinsa marigayi. Mamaci ne, doka ta cika, kowa ya yi murna. Baba ya bi gidaje, mata na faɗa, har ya kai gidan ƙarshe, inda wata tsohuwa uwar wani direba take. Ya ce, "Uwar gida, faɗa in ji." Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe baki, ta sunkuyar da kai. Ya sake, ta yi shiru. Sai jikarta ta leƙo ta ce ai sunan ɗan tsohuwar na fari ne, ba ta faɗa. Baba ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Iya," ya juya.

Darakta ya zo gidanmu kamar zai tashi sama. Daga kicin ina jin komai.

Ya ce, "Haba Ciyaman! Saboda kunyar wata tsohuwa za ka hana ni? A wannan zamanin? A Abuja?"

Baba ya ce, "Ita ma a Abujar take kwana."

"Gida ɗaya fa, cikin layi guda!"

"Gida ɗaya mai mutum a ciki. So kake ta ƙare kwanakinta a layin da ba za ta iya ce wa ɗan acaɓa ya kai ta ba?"

Darakta ya rantse zai kai maganar sama, ya ce ya san waɗanda suka fi kwamiti. Baba ya bari ya sauke duka, sannan ya ce, "Hajiya mahaifiyarka tana nan da rai, ko? Allah ya ƙara mata lafiya. Ga wayarka nan a hannu. Kira ta ka ce ta faɗa maka sunan mahaifinka, ni kuma in sa hannu yanzu." Mutumin ya dubi wayar, ya mayar aljihu, ya fita ba sallama. Wata biyu ko uku ba ya gaida Baba a masallaci. Baba kuwa shi ya tako har gidansa, ya ce ya zo jin labarin marigayi, wane gari ne nasa, me ya yi a duniya. Suka shafe yamma suna hira. Yau layin sunan ƙauyen mahaifin darakta yake ɗauke da shi, tsohuwa ta faɗe shi da ƙarfi har da guɗa. Ranar jana'izar Baba an ce daraktan nan ya kama makara ya ƙi saki, ana cewa a karɓe shi yana girgiza kai.

Ni a lokacin bayan darakta nake, kuma ba na iya ɓoye abin da ke raina, kowa ya san ni da baki. Na ce, "Baba, gaskiya an tsaurara. Mutum ya zuba kwalta, kunya kuma ai ta zamanin da ce." Ya sauke tabarau ya dube ni. Ya ce, "To 'yar boko, bismilla. Faɗi sunana in ji." Ban san lokacin da na tsinci kaina a kicin ba, ina jin dariyarsa har da tari.

Akwai wata ungozoma 'yar kudancin Kaduna, Kirista, da ta zauna a unguwar tun ba asibiti kusa. Rabin yaran Dutse a hannunta suka faɗo, har da 'yata ta fari. Ta rasu ba ɗa ba jika, 'yan cocinsu suka binne ta, aka fara mantawa. Baba ya kawo sunanta don layin da ke bayan masallaci. Wasu suka yi ƙunƙuni, suka ce layin masallaci guda a ba shi sunan wadda ba ta salla. Baba ya tsaya bayan la'asar ya ce, "Hannunta ne ya fara taɓa 'ya'yanku kafin naku. Wanda ba ta taɓa shiga gidansa da almakashi ba, ya ɗaga hannu in gani." Ba wanda ya ɗaga. Ranar da aka kafa allon, matan cocin nan suka zo suka durƙusa a ƙofar gidanmu, Baba ya ɓuya a ɗaki ya ce a ce musu yana barci. Ba ya son godiya, tana sa shi fushi.

Namu layin kuwa, tun farko mutanen layi suka ce sunan Ciyaman suke so. Ya ce yana da rai. Suka ce to ba su da wani suna. Ya kawo musu wannan, mata suka ƙi faɗa. Ya kawo wancan, suka yi gum. Makaminsa suka juya masa. Suka ce za su jira. Ya ce, "Ku jira, ni ba na gaggawa." Taurin kai ya haɗu da taurin kai, shekara da shekaru kowane layi da allonsa, namu fayau.

Ita kuwa Inna, wanda bai zauna da ita ba ba zai gane girman abin da ake nema a wurinta ba. Malam take ce masa, in yana kusa kuma sai ta ce "shi". Jikanta da aka yi wa Baba takwara, Abba take kiransa. Akwai mai nama a kasuwa mai irin sunan, ta gwammace ta tsallake shi ta sayi na wani da ta kira shi. Baba yakan tsokane ta, in ta ce Malam ya ce, "Wane malamin? Malamai sun yi yawa a garin nan." Sai ta ja tsaki ta shige ɗaki tana murmushi. Wata rana na raka ta asibiti, mai buɗe kati ta ce, "Mama, sunan miji?" Inna ta dube ni, na dubi silin. Mai kati ta ce, "Madam, ke faɗa mana." Na ce ni ma surukina ne. Layi ya taru a bayanmu ana ta dariya, sai da na kira 'yata a waya na miƙa wa matar. A mota Inna ta ce da ni, "Ke 'yar nan, yau kin burge ni." Ba tsoro ba ne ke hana ta, ni shaida ce. Girma ne ta ajiye masa a wurin da ba wanda ya isa ya taɓa.

Bayan sadakar arba'in magana ta yi zafi. Ƙaramar hukuma ta ce za ta rufe aikin alluna, duk layin da bai kawo suna ba za a ba shi daga can. Muka ji ƙishin-ƙishin kansila ya riga ya shirya sunan ubangidansa, mai rai, mai neman kujera, yana jiran mu gaza. Da Baba na nan ko a mafarki bai isa ba. Maigidana ya ce a tsallake gidanmu kawai, wa zai hana, ai gidan mai sunan ne. Ni da kaina na yafa mayafi na sami sakatare, na zazzage masa. Na ce tsohuwa tana takaba, zuciyarta a karye, a ce za a tsaya mata a ƙofa a tilasta mata abin da ba ta taɓa yi ba, wannan wace irin rashin tausayi ce? Ya bar ni na gama, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Madam, Allah ya sani na fi kowa son allon nan. Amma in muka karya dokar Baba don Baba, gobe kansila zai karya don ogansa. Me za mu ce masa?" Na dawo gida ina huci, na san gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

A ranar ne maigidana ya gaya mini abin da ya daɗe yana riƙe da shi. Ya ce ya taɓa ce wa Baba, ai mutanen nan jiran mutuwarka suke su kafa sunanka. Baba ya yi dariya ya nuna ɗakin Inna da sanda, ya ce, "Ko na mutu ba za su samu ba. Ina da mai gadi a cikin gida." Na riƙe baki. Ashe tsohon nan ya san abin da ya shuka. Ya guje wa yabo yana raye, ya kuma toshe ƙofarsa bayan ransa, da kunyar matarsa ya yi kwaɗo. Sai dai bai san kansila zai zo ya laɓe a bakin ƙofar ba.

Ba wanda ya iya tunkarar Inna, sai ni mai ƙaton baki. Na kai mata kunu da safe, na zauna a bakin tabarma, na gaya mata komai: maganar allo, da kansila, da zuwan kwamiti ran Asabar, har da zancen mai gadi. Ta tsayar da carbi.

Ta ce, "Shi ya ce haka?"

Na ce, "Haka Baban yara ya ce, Inna."

Ta ce, "Hm." Ta ci gaba da jan carbinta. Kunun ma bai shiga ba.

Asabar bayan la'asar kwamiti ya faro daga bakin layi, jama'a na biye. Liman na ciki, fasto na ciki, darakta ma ya zo ya tsaya a baya. Ina tsakar gida ina jin su. A kowace ƙofa sakatare zai yi sallama, sai in ji muryar mace ta faɗi sunan Baba. Wata ta faɗa da ƙarfi, wata da kuka, wata da harshen da bai iya Hausa sosai ba. Sunan yana ta matsowa gida gida. Gidanmu suka bari ƙarshe.

Suka shigo suka tsaya nesa da ƙofar Inna, labule a sake. Sakatare ya durƙusa, hula a hannu. Ya gaishe ta, ya yi mata ta'aziyya, ya faɗi sunan, sannan ya ce, "Mama, ga sunan da ake so. Ki faɗa mu ji."

Shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara jin haushin kowa. Maigidana ya matso ya ce, "Don Allah a bar ta haka, a sa duk sunan da za a sa." Sakatare ya fara miƙewa.

Sai muryar Inna ta fito daga bayan labule, a hankali, ba rawa. Ta ce, "Ku dakata. An ce Malam ya ce ni ce mai gadinsa. Tun da aka kawo ni gidansa, bai taɓa cewa in yi na ƙi ba, bai taɓa cewa in bari na yi ba. Na ɓoye sunan nan don girmansa. Yau in na ɓoye shi, wani za a ɗora a ƙofarsa. Allah ya yafe mini, yau ɗaya zan saɓa masa."

Ta faɗa. Sau ɗaya, cikakke, tana jan kowane harafi a hankali kamar mai taka sabon wuri. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Liman ya ce Allahu akbar ƙasa-ƙasa. Maigidana, mutum mai furfura, bai taɓa jin sunan ubansa a bakin uwarsa ba. Ya juya ya kifa kansa a bango, kafaɗunsa na girgiza.

Inna ta ce, "Kun ji, ko in sake?"

Sakatare ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Mun ji, Mama. Mun ji." Suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba mai duban wani.

Na ɗaga labule na shiga. Na tarar da ita zaune a kan darduma, ta rufe fuska da tafukanta biyu kamar amarya, hawaye na bin tsakanin yatsunta. Na durƙusa na riƙe ƙafarta, na ce, "Sannu Inna, an gama." Ta daɗe kafin ta sauke hannu. Ta dube ni, ga hawaye ga murmushi.

Ta ce, "Ke 'yar nan, ashe sunan da daɗi a baki. Da na sani, da na kira shi ko sau ɗaya yana ji."

Ya Allah, ka isar masa da wannan kira inda yake kwance. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa su a gidan da ba a rabuwa.